Yadda Kundin Yayata Ya Sa Na Daina Ganin Zare Filashi Ƙaramin Abu Ne

Mafi yawan rayuwata ta aiki a gaban kwamfuta na yi ta. Na fara a matsayin mai buga takardu, daga baya aka damƙa mini kula da ɗakin kwamfutoci na wata makarantar koyon aiki, inda nake har yau. A cikin duk abin da nake koya wa ɗalibai babu wanda nake nanatawa kamar maganar yadda ake raba filashi da kwamfuta, har wasu abokan aikina suna ganin na ɗauki ƙaramin abu na kambama shi. Na ga ya dace in rubuta yadda aka yi na tsaya a kan wannan ra'ayi, domin ba a littafi na fara sanin abin ba, a kan 'yar'uwata na gan shi da idona.

Lokacin da na fara aiki, faifan filofi ne abin ajiyarmu, wanda ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabait 1.44. Maigidan da ya koya mini aiki bai taɓa yi mini dogon bayani a kansa ba, abin da kawai yake cewa shi ne, "Yaro, muddin ka ga fitilar nan tana ci, ko ka ji ƙarar nan, to ka janye hannunka." Filofi yana da kirki ta wannan fuska, domin idan ana rubutu a kansa kowa a ɗakin zai ji gurnaninsa, kuma idan ya yi shiru an san ya gama. Kamfanin Apple ma bai yarda ya bar wa mutane zaɓi ba, domin kwamfutocinsa na Macintosh ba su da maɓallin turo filofi waje, sai mutum ya nema daga manhaja, ita ce za ta miƙo masa faifan bayan ta kammala abin da take yi.

Filashi ya shigo kasuwa wajen shekarar 2000, na farko-farko yana ɗaukar megabait 8, kuma kafin ka ce me ya kori filofi daga ofisoshi. Ya zo ne ta kafar USB, wadda aka fito da ita a 1996, kuma an ƙera ta ne ta yadda za a iya soka na'ura ko a zare ta kwamfuta tana kunne ba tare da wani abu ya ƙone ba. A nan ne, a ganina, ruɗanin ya samo asali. Mutane sun ga ana zare kebul ɗin firinta da na linzami babu abin da ya faru, sai suka ɗauka filashi ma haka yake, alhali kariyar da aka yi wa kafar ta ɓangaren lantarki ce, ba ta shafi rubutun da ake cikin yi ba. Ga shi kuma filashi ba ya ƙara, da yawa daga cikin na yanzu ko fitila ba su da ita.

Yayata tana karatun digiri na biyu a lokacin da abin ya faru. Saboda tana aiki da kwamfutoci daban-daban, yau ta ofis, gobe ta ɗakin karatu, sai ta mayar da filashi ya zama mazaunin kundin bincikenta, a kansa take buɗe fayil, a kansa take gyara, a kansa take adanawa. Ta kai babi na huɗu, wanda shi ne mafi nauyi, cike da jadawaloli da zane-zanen alƙaluman da ta tattaro daga takardun tambayoyi. Ranar da za ta kai wa malamin da ke duba aikin, ta yi gyaran ƙarshe, ta danna adanawa, ta rufe fayil, ta zare filashin ta fita saboda lokaci ya ƙure mata. Da aka soka shi a kwamfutar malamin, sai saƙo ya fito cewa sai an yi wa faifan fomat, wato a share abin da ke ciki a sake shirya shi, kafin a iya amfani da shi.

Ta kira ni muryarta tana rawa, ta ce, "Ƙanena, filashin nan ya ce wai sai an yi masa fomat, in danna?" Na ce, "Yaya, don girman Allah kada ki danna komai, ki rufe saƙon, ki kawo mini shi yadda yake." Da na soka shi a tawa kwamfutar na duba bayanansa, inda ya kamata in ga FAT32, sunan tsarin da aka shirya faifan da shi, sai na ga an rubuta RAW, ma'ana kwamfutar ba ta gane tsarinsa ba, wurin da ake nuna girman abin da ke ciki kuma sifiri ne. Jikina ya yi sanyi, amma ban bari ta gani a fuskata ba.

Mun kwana a kan aikin nan ni da ita. Na fara da ɗaukar kwafin filashin gaba ɗayansa zuwa kwamfuta, domin kada in taɓa na ainihin, sannan na sa manhajar PhotoRec, wadda ba ta damu da sunayen fayiloli ba, tana bin faifai ne daga farko zuwa ƙarshe tana neman alamar da kowane irin fayil yake farawa da ita. Abin da ta tsamo ya cika folda, amma babu ko ɗaya mai sunansa na asali, kowanne harafin f ne da jerin lambobi a bayansa. Haka muka zauna muna buɗe su ɗaya bayan ɗaya, Yaya tana gefena da biro da takarda tana rubuta lambar duk wanda ta gane. Wannan tsohuwar wasiƙa ce, wannan hoton yara ne, wannan babi na biyu ne amma kafin gyara. Babi na ɗaya zuwa na uku sun dawo lafiya. Da muka zo kan wanda ya yi kama da babi na huɗu, shafukan farko suka buɗe daidai, ta yi hamdala, ina gangarawa ƙasa sai rubutun ya rikiɗe ya koma wasu ƙananan akwatuna da alamomi marasa ma'ana har ƙarshensa. Ba ta yi kuka ba. Ta ajiye biron, ta daɗe tana kallon allon, sannan ta ce, "Amma ai ya nuna mini ya gama."

Ta sake shigar da alƙaluman daga takardun tambayoyin da hannunta, kuma hakan ya sa ba ta kare kundin tare da 'yan ajinsu ba, sai a zango na gaba. Ni kuwa maganar nan tata ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ta faɗa, kwamfutar ta nuna mata ta gama, kuma ba ta yi abin da ba ta ga kowa yana yi kullum ba. Daga nan na duƙufa neman sanin abin da ke faruwa tsakanin lokacin da allo ya ce an gama da lokacin da rubutu ya zauna a faifai.

Abu na farko da na fahimta shi ne, kwamfuta ba lallai ne ta rubuta abu a faifai a daidai lokacin da aka ba ta umarni ba. Ƙwaƙwalwarta ta wucin gadi, wato RAM, ta fi filashi sauri nesa ba kusa ba, don haka babbar manhaja takan karɓi bayanan ta riƙe su a can, ta sanar da mai aiki cewa an gama domin ya ci gaba da harkarsa, sannan ta riƙa sauke su a faifai a bayan fage. Kamar magatakarda ne da ya karɓi takardarka ya ce maka an karɓa, alhali tana kan teburinsa, bai shigar da ita rajista ba, bai kuma kai ta kabad ba. Idan aka kulle ofishin a wannan lokaci, kai kana da yaƙinin ka miƙa, amma gobe babu inda za a samu shaidar hakan. Abin da ke cikin RAM ba ya bin filashi idan an zare shi.

Abu na biyu ya fi shafar abin da ya sami Yaya. Adana fayil ba aiki ɗaya ba ne. Manhajar Word, alal misali, idan aka ce ta adana, takan fara rubuta sabon aikin a wani fayil na wucin gadi, sannan ta kawar da tsohon, ta sauya wa sabon suna ya maye gurbinsa. A kowane mataki kuma sai an gyara jadawalin da ke cikin faifan, wanda ke riƙe da sunan kowane fayil da wuraren da gutsattsarinsa suke, domin babban fayil ba kasafai yake zama a wuri guda ba. Idan aka katse aiki ana tsakiyar rubuta fayil, fayil ɗaya ne zai lalace. Idan kuwa aka katse ana tsakiyar gyara jadawalin, ana iya rasa hanyar kaiwa ga fayilolin da ba a ma taɓa su a ranar ba, ko kwamfuta ta kasa gane faifan baki ɗaya. Bayanan suna nan kwance a ciki, abin da zai nuna inda suke ne ya ɓaci, shi ya sa PhotoRec ta iya tsamo su amma ba tare da sunaye ba.

Tsarin da aka shirya faifai da shi yana da tasiri sosai a nan. Yawancin filashi da memori suna zuwa ne da FAT32, wanda Microsoft ya fitar a 1996, ko exFAT na 2006, saboda kusan kowace na'ura tana iya karanta su, daga kwamfuta zuwa talabijin da kyamara da rediyon mota. Sai dai duka biyun ba su da abin da NTFS na Windows da ext4 na Linux suke da shi, wato wani kundi da ake fara rubuta niyyar gyara a cikinsa kafin a aiwatar, ta yadda idan aiki ya katse za a iya komawa a ƙarasa ko a warware shi. Ma'ana, na'urorin da aka fi zarewa da gaggawa su ne kuma suka fi rashin kariya. Ko shi wancan kundin ma jadawali yake tsarewa, ba ya dawo da rubutun da bai riga ya sauka ba.

To, wannan shi ne amfanin sallamar na'ura kafin a zare ta. Idan mutum ya danna alamar nan da ke ƙasan allon Windows kusa da agogo, ko ya danna dama a kan sunan filashin ya zaɓi fitar da shi, kwamfuta za ta sauke duk abin da ta riƙe, ta duba ko akwai manhajar da har yanzu take riƙe da wani fayil, ta rufe jadawalin, ta share alamar da ke nuna ana cikin aiki, sannan ta ce a zare. A Mac ana jan hoton faifan zuwa kwandon shara, ko a danna alamar fitarwa kusa da sunansa, a Linux kuma akwai umarnin umount ga masu aiki da rubutu. Alamar nan da ke nuna ana cikin aiki ita ce dalilin da ya sa wani lokaci idan ka soka filashi Windows take cewa akwai matsala, tana so ta duba ta gyara. Ta tarar ne ba a rufe shi yadda ya dace ba a karon baya. Ina jan kunnen ɗalibai cewa idan akwai abu mai muhimmanci a ciki su fara kwashe shi kafin su amince da gyaran, domin abin da manhajar gyara ta sa a gaba shi ne jadawali ya daidaita, kuma takan tattara gutsattsarin da ba ta gane ba ta zuba su a wata folda mai suna FOUND.000, inda mai shi ba zai san me ake ciki ba.

Akwai gardamar da nake sha a wurin samari masu ilimin kwamfuta, kuma ba na raina ta, domin tana da tushe. Sukan ce mini, "Malam, ai Microsoft da kansa ya ce an daina wannan." Abin da ya faru shi ne, daga sigar Windows 10 mai lamba 1809, wadda ta fito a ƙarshen 2018, kamfanin ya sa tsarin cirewa cikin sauri ya zama shi ne na asali ga na'urorin ajiya na waje, wato Windows ba za ta riƙa riƙe bayanansu a RAM ba, za ta rubuta su kai tsaye, ko da hakan zai rage sauri. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma ya rage asara. Amma ya toshe kafa ɗaya ce kawai. Bai hana lalacewa ba idan aka zare ana cikin kwafi, ko wata manhaja tana cikin adanawa a ɓoye, kuma mai kallon allo ba koyaushe yake sanin haka ba. Sannan filashi ɗan yawo ne, yau yana kan Windows sabuwa, gobe yana kan Mac ko Linux waɗanda har yanzu suke riƙe bayanai kafin su sauke, jibi yana kan kwamfutar da wani ya sauya wa tsari domin ya ƙara mata sauri. Ban ga hikimar mutum ya riƙa tsayawa yana lissafin wace kwamfuta ce wannan ba, alhali sallamar ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne sun zare sau da yawa babu abin da ya faru, kuma ba ƙarya suke yi ba, domin idan ba a cikin rubutu aka zare ba yawanci lafiya ake rabuwa. Ita ma Yaya haka ta saba yi tun farkon karatunta.

Babban faifan ajiya na waje, irin mai juyawa, shi kuma nasa haɗarin biyu ne. A cikinsa akwai faranti da ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu mai karatu da rubutu da ke shawagi a samansa da tazarar da ido ba zai iya gani ba. Ƙananan irinsa daga kebul ɗin USB suke samun wuta, don haka zare kebul yanke masa wuta ne farat ɗaya. An ƙera su su janye hannun cikin gaggawa idan haka ta faru, amma ba hanya ce da za a mayar da ita ta kullum ba. Dokata a ɗakinmu ita ce a sallame shi, a ɗora tafin hannu a kansa har a ji motsin nan na ciki ya tsaya, sannan a zare kebul a ɗauke shi. Na taɓa ganin ɗalibi ya ɗaga irin wannan faifai yana cikin kwafi domin ya gyara zaman littafinsa, ya kuɓuce masa ya bugi tebur daga tsayin da bai kai taƙi ba, daga ranar sai ƙara yake yi, ƙyas, ƙyas, kwamfuta ba ta sake ganinsa ba.

Inda mutane suka fi gajiya su fizge shi ne idan kwamfuta ta ƙi sallama, ta ce ana amfani da na'urar. A irin wannan lokaci ne ya fi kamata a saurara, domin ba ta faɗa a banza. Sau da yawa wani fayil ne aka bari a buɗe a Word, ko waƙa da aka dakatar ba a rufe manhajar ba, ko manhajar kashe ƙwayoyin cuta tana cikin binciken filashin, ko Windows tana lissafa abin da ke ciki domin sauƙaƙa nema. A rufe duk abin da aka buɗe, har da tagar foldar, a ɗan jira, a sake gwadawa. Wanda ya ɗan ƙware zai iya buɗe manhajar Resource Monitor ta Windows ya rubuta harafin faifan a wurin nema, zai ga sunan manhajar da ta riƙe shi. Idan duk wannan bai yi ba, a kashe kwamfutar gaba ɗaya sannan a zare, amma kashewa ta gaske, domin rufe murfin kwamfutar tafi-da-gidanka sa ta barci ne kawai, fayilolin suna nan a buɗe.

Haka abin yake ga memorin waya da na kyamara, kuma a nan ne na fi ganin hawaye, saboda hotunan iyayen da suka rasu da na yara suna ƙanana ba a sake buga su kamar yadda aka sake buga babi na huɗu. A wayoyin Android akwai wurin sallamar memori a cikin saitin ajiya, wanda bai gan shi ba ya kashe wayar kafin ya cire. Mai kyamara kuma ya jira fitilar rubutu ta mutu bayan hoton ƙarshe kafin ya buɗe murfin.

Duk wanda aka kawo mini yanzu da filashi mai neman fomat, tambayata ta farko ita ce ko an danna, ta biyu ko an zuba wani abu sabo a ciki. Idan amsar a'a ce, akwai kyakkyawan fata, domin abin da ke kashe tsohon bayani shi ne a rubuta sabo a kansa. Ina kuma gaya musu gaskiya cewa sallama ba ta hana filashi tsufa, domin ƙwayoyin ajiyarsa suna da iyakar yawan rubutu da gogewa da za su iya jurewa, kuma yana iya mutuwa ko da an bi kowace ƙa'ida. Saboda haka a ɗakinmu ba a gyara aiki kai tsaye a kan filashi. Ɗalibi yakan kwafo fayil zuwa kwamfuta ya yi aikinsa a can, ya mayar da kwafi filashi da sabon suna mai kwanan wata ba tare da goge na jiya ba, ya tura wani kwafin zuwa imel ɗinsa, sannan ya sallami filashin ya jira saƙo ya fito kafin ya kai hannu.